Kwabban Rufin Gidan Yohanna

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun hantsi kuke tura mini su a fuska, kowa da bidiyonsa na wani Bature da ya tsinci tsohon kwabo a aljihun kakansa ya wayi gari da mota. Kai mai jar hula har da cewa sana'ata ba ta da wata wahala, wai zama ne a inuwa da kallon ƙarfe. Na ji. Shekara arba'in da 'yan kai ina wannan zaman a kasuwar Funtua, idona na dama ya kusa ƙarewa a kai, kuma har gobe in aka miƙo mini kwabo sai na yi bisimilla kafin in buɗe baki. Kun ga wancan jan kwabon da ke rataye da zare a jikin sikeli? Gidan mutum ne ya tafi a kansa. Ku jawo bencin nan ku ji yadda aka yi.

Aikin farko da aka ba ni a maƙerar Baba Sanda shi ne zuga. Baba Sanda maƙerin fari ne, ba ruwansa da fartanya ko lauje, azurfa yake aiki. Mata kan kawo tsofaffin sulalla daga ƙauyukan Danja da Malumfashi, irin masu hoton bishiyar kwakwa da iyayensu suka bar musu a gindin tukunya, ya narka ya yi musu zobe da awarwaro. Ina jan zugazugi ina kallonsa. Ba ya jefa sule a kasko sai ya kai shi bakin ƙofa ya juya shi a haske, gaba da baya da gefe. Sai a yi wata guda bai ga komai ba. Ranar da ya gani kuwa zai ware shi, ya saka wa matar da biyu daga nasa, ta tafi tana murna tana ganin tsoho ya fara ruɗewa. Sau biyu a shekara wani Alhaji yakan zo daga Kano ya saye waɗanda aka ware, ya aika da su ƙasashen waje inda ake da masu tara irinsu. Da azurfa ta yi wuya, mata suka koma 'yan kunnen kanti, maƙerar ta mutu, wannan ɓangaren ne kawai ya rage a hannuna.

Shekara uku na yi ina zuga kafin ya gaya mini abin da yake dubawa, shi ma a taƙaice. Ya ce, "Lawal, kuɗi mai aibi iri biyu ne. Akwai wanda aka haifa da aibinshi a gidan buga kuɗi, akwai wanda duniya ta ji ma ciwo. Na farko dukiya ne, na biyu ƙarfe ne." Sauran shekarun duk wajen koyon raba waɗannan biyun na ƙarar da su.

Wani mai gyaran keke daga Danja ya taɓa kawo mini kwabo mai rubutu biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ya ce a gonar kakansa garma ta tono shi. Bugu biyu abu ne da ke faruwa da gaske. Kwabo ya maƙale a cikin inji, hatimin da ke buga masa zane ya sake sauka a kansa, sai ka ga kambin sarki biyu da haruffa biyu, duk a tashe, duk suna karantuwa daidai. Na sa gilashi a ido na duba nasa. Rubutu na biyun a lotse yake, kuma a juye, kamar ka hango rubutun mota a madubi. Kwabo biyu ya haɗa fuska da fuska ya maka musu guduma. Na ce, "Garmar kakanka akwai ƙarfin hannu." Ya tsaya rantse-rantse har da kama gemu, na miƙa masa abinsa na ce ya gaida gida. Abin da inji ya yi tasowa yake sama, abin da guduma ta yi nutsewa yake ƙasa.

Haka layin da kuke gani ya ratsa fuskar kwabo. In hatimi ya tsage, ƙarfe yakan shiga tsagar, sai layin ya fito kamar jijiya a bayan hannun tsoho. Ka bi shi da farce, farcen zai hau. In wuƙa ce ko dutse ya karce shi, faɗawa farcen zai yi, kuma za ka ga ƙarfen da aka ture ya taru gefe da gefe. Wanda ya gutsure tun daga inji, bakin gutsuren sumul yake, zoben da ya kewaye kwabon yana dushewa a hankali kafin ya iso wurin. Wanda aka datsa da cizal kuwa zoben na tafiya da ƙarfinsa har ya yanke. Mai ƙuraje a fuska, ƙasa da taki ne suka ci shi. Wanda ya sirance kamar takarda, a ruwan batir aka jiƙa shi. Duk kun kawo mini irinsu yau, kowa kuma da farashin da waya ta yanka masa.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan a tire. Gilashin nan na masu gyaran agogo ne, na Baba Sanda, igiyar kawai na canza. Ga ƙaramin sikelin masu zinari, ga mayen ƙarfe, ga farin ƙyalle. Tsinken sakace kuma don ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a nan. Wannan gwangwanin, kowane irin kuɗi akwai lafiyayyensa guda a ciki, daga anini har sule, don sai ka ajiye marar lafiya kusa da mai lafiya kake gane abin da ke damunsa. Abin da ba za ku gani a tirena ba shi ne toka da lemon tsami. Matanmu, Allah ya saka musu, ba sa kai abu kasuwa da datti. Sai tsohuwa ta zauna ta dirje kwabo da toka har ya yi ƙyalli, ta kawo shi da fara'arta, ba ta san ta goge rabin kuɗinsa a bakin murhu ba.

Akwai doka ɗaya da Baba Sanda ya bar mini, kuma sai da ya sha kunya ya kafa ta. Kun san kwabon zamanin Turawa da huji a tsakiya ake buga shi, tauraro mai tsini shida ya kewaye hujin. To a cikin dubbai, wani lokaci ɗaya yakan tsallake wurin hudawa ya fito a toshe. Alhajin Kano yana son wannan fiye da komai. Wata rana Baba Sanda ya yi suɓutar baki a majalisa ya ce kwabo marar huji yake nema. Kafin mako ya zagayo an kawo masa fiye da goma, duk an cike hujin da dalma, an goge, an shafa baƙin tukunya. Ɗaya ya yi kyau har ya ruɗe shi, ya saya ya sayar wa Alhajin. Alhajin ya dawo da shi a gaban mutane, ya kuma yi shekara biyu bai tako maƙerarmu ba. Tun ranar Baba Sanda ya ce mini, "Kada ka taɓa faɗa ma mai kawowa abin da kake nema. Ka faɗa da safe, da marece an ƙera maka shi. Ka ce kawo mu gani, shi ke nan." Na riƙe wannan dokar kamar karatun sallah, ta kuma tsare ni daga mayaudara ba adadi. Ita ce kuma ta rushe gidan da na fara gaya muku.

Yawancin kwabban da suka rage a ƙasar nan ba a tukunya suke ba, a kan rufi suke. Lokacin da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, kwabo mai huji ya daina sayen ko ƙuli, ga shi kuma cike da gwangwanaye a gidajen manoman auduga. Kafintoci suka ga ai washa ce ta samu kyauta. Sai a zura ƙusa cikin hujin a buga kwanon rufi, kwabon ya danne kwanon kada iska ta ɗaga, kada ruwa ya bi ƙusa. Tsofaffin gidaje da yawa daga nan har Ƙarfi, in ka hau sama, kowace ƙusa da kwabonta. In ana rushe irin gidan nakan je in tsinta. Amma kwabon da ya sha guduma, ya sha rana da ruwan shekara hamsin, ya lotsa kamar murfin kwalba, ba abin da ya rage masa. A tari guda da ƙyar in fitar da uku.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mutane gonakin nesa, ita ce shekarar da bidiyon nan naku suka cika wayoyi. Masara ta yi tsada, taki ya fi ƙarfin talaka, mutum yana da gona amma ba ya iya taka ta. Sai magana ta bazu a kasuwanni cewa Turawa na sayen kwabo mai huji miliyan-miliyan. Ban san wanda ya fara ta ba, Allah ya isa dai. Kullum sai in tarar da layi a gaban tirena, tsofaffi da ƙullin tsumma, magidanta da gwangwanin madara, kowa ya zo da abin da yake ganin zai fitar da shi. Kafin azahar na karya wa mutane da yawa zuciya. Na gaji, bakina ya yi ɗaci, na koma ba na ko ɗaga kai sosai.

A cikin wannan halin ne, wata ranar kasuwar Malumfashi, wadda ita ma nakan ci, saura 'yan makonni ruwa ya sauka, wani mutum ya durƙusa gaban tabarmata. Yohanna sunansa, manomi ne daga wani ƙauye bayan Ƙarfi, zai yi shekara hamsin. Na san mahaifinsa, kafinta ne da ya rufe majami'u da masallatai da yawa a yankin kafin ya rasu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, yana murza hularsa.

Ya ce, "Malam, tambaya gare ni. Wai da gaske ne ana sayen kwabo mai huji?"

Na ce, "Ana saye, ana bari."

Ya ce, "Wane iri ake saye? Don akwai su gidanmu, Baba ya bari."

Ga mutum biyar a bayansa suna miƙo hannu, ga kunnuwa ko'ina. Na ce, "Kawo mu gani."

"Ko guda nawa ne?"

"Kawo mu gani, Malam Yohanna."

Ya yi godiya ya tashi. Ban tambaye shi a ina kwabban suke a gidan ba. Ni da na san sana'ar ubansa, ni da na san inda kwabbai ke kwana a ƙasar nan, ban tambaya ba.

Bayan kwana tara sai ga shi nan Funtua, a daidai inda kai mai jar hula kake zaune, da ƙulli a buhun siminti. Hannuwansa duk yanka, babban yatsa ɗaure da tsumma. Ya zazzage a kan ƙyallena. Tun kafin su gama zuba na ji warin tsatsa.

Na ce, "Daga ina ka ciro waɗannan?"

Ya ce, "Rufin gida. Ɗaki biyu da rumfa. Kwana huɗu muna cira, ni da matata Saratu."

"Kwanon fa?"

"Ai ya tsufa, Malam. Kana jan ƙusa yana yagewa. Mun dai jera abin da ya jeru mun danne da duwatsu. In na sai da waɗannan sai in sayi sabo, in sayi taki, in noma ta bakin gari."

Na ɗaga kai na duba gabas. A kwanakin nan ta riga ta fara haɗa hadari da yamma.

Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, abin da ban yi wa kowa ba a shekarar. Na san abin da zan gani, amma na bi. Kowanne da zoben tsatsa inda kan ƙusa ya zauna, kowanne a lotse, wasu rubutun ma ya shafe. Akwai biyu da hujinsu ya karkace, zuciyata ta ɗan motsa, na sa gilashi. Ƙusa ce ta shiga a gicciye ta ja bakin hujin. Yana zaune yana bin hannuna da ido, duk wanda na ɗan daɗe a kansa sai ya gyara zama. Aka kira la'asar, na je na dawo, yana nan bai motsa ba.

Da na kai ƙarshe sai ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da ɗaya nannaɗe cikin takarda. Ya ce, "Ga wannan ma. Shi bai hau rufi ba, cikin akwatin kayan aikin Baba yake."

Jan kwabo ne, lafiyayye, bai taɓa shan rana ba. Kambin a tashe, haruffa garau, launinsa na tsohon ƙarfen da ba a taɓa gogewa ba. Sai dai hujin. Ƙarami ne, bai kai rabin na gaske ba, cikinsa yana ƙyalli, a baya kuma ƙarfe ya turo ya yi leɓe mai kaifi. Na ɗora shi a sikeli da lafiyayyen kwabona. Duk da hujin, shi ya rinjaya. Na kai shi haske na duba kewayen hujin, ko dalma aka taɓa cikawa. Ba dalma. Ƙarfe ɗaya ne tun daga gefe har tsakiya. Tun ina zuga nake jiran ranar da zan riƙe irinsa na gaske.

Na ce, "Wa ya huda wannan?"

Ya ɗan yi murmushin wanda ya yi dabara. Ya ce, "Ni ne, yau da safe. Shi a toshe ya zo. Baba ya ce tun da ƙusa ba ta shiga ba shi da amfani, ya jefa shi akwati. Na ga ai mai huji aka ce ana saye, kar in kawo maka abu da aibi. Na sa mashi ƙusar kankare. Sai da na bugi yatsa kafin ya hudu."

Ya ɗaga yatsan nan mai tsumma ya nuna mini.

Ku da kuke jiran ku ji miliyan, ba miliyan ba ne. Ban taɓa riƙe kwabon miliyan ba, ban kuma san wanda ya riƙe ba. Amma ɗan Alhajin Kano, wanda ya gaji cinikin, da ya biya abin da zai sayi bandir uku na kwano da ƙusoshinsa a cikin makon nan. Da hujin ƙusar kankare kuwa, ya koma ƙarfe. Masu tarawa ba sa sayen labari. Abin da idonsu zai gani shi ne kwabon da wani ya huda.

Ban faɗa masa ba. Na ce duka ba na ciniki ba ne. Ya ce, "Ko ɗaya, Malam?" Na ce ko ɗaya. Na ba shi kuɗin tsohon ƙarfe, na ƙara masa abin da ke aljihuna, wanda bai wuce kuɗin mota da tiya biyu ta masara ba, don ni ma shekarar ba ta bar mini komai ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara arziki. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Har yau wannan godiyar tana ci mini rai.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana shida, da iska. Labarin ya same ni daga bakin wani direba mai bin hanyar. Iska ta kwashe kwanon da aka danne da duwatsu tun a ruwan farkon. Suka rufa leda, leda ta yage. Ginin ƙasa ne. Masarar da suka rage don ta kai su kaka ta jiƙe ta tsiro a cikin buhu. Kafin tsakiyar damina bangon ɗaki ɗaya ya zube, na biyun ya tsage, Allah ya taƙaita ba kowa a ciki. Saratu ta kwashi yara ta koma gidan wanta a Malumfashi. Da na buɗe baki ranar da ya fara zuwa wurina na ce masa kada ka taɓa rufi, kada ka goge, kada ka huda, ka kawo abin da ke akwati yadda yake, da har yau yana cikin gidansa.

Bayan shekara guda na gan shi nan kasuwa yana tura baro, yana dakon buhuna daga tasha zuwa layin 'yan hatsi. Ya rame. In ya biyo ta nan yakan gaishe ni, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Wata rana ya ajiye baron a gaban tirena, ya share gumi, ya tsaya yana kallon kwabon da ke rataye.

Ya ce, "Malam, wancan nawa ne ko, wanda na kawo?"

Na ce, "Naka ne."

Ya ce, "Wani ya nuna mani a waya wai marar huji shi ne mai tsada. Na ce mashi ƙarya ne, da Malam ya faɗa mani." Ya juyo gare ni. "Don girman Allah ka faɗa mani gaskiya. Da ban huda shi ba, mi zai saya?"

Na yi tunanin in ce ba komai, in rufa wa kaina asiri, in bar shi da sauƙin zuciya. Amma mutum ya haɗa ni da Allah. Na ce, "Bandir uku na kwano, da ƙusa."

Ya daɗe yana kallon kwabon. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Leɓensa na motsi, na gane auna ɗakunan yake a ka, ɗan kafinta ne.

Ya ce, "Biyu ma ya isa. Har rumfar."

Ya kama baronsa ya tura, don mai buhunan na ta kiransa.

Tun ranar na karya dokar maigidana, Allah ya jiƙansa. Yanzu duk wanda ya tsaya nan sai na faɗa masa abin da ake nema da abin da ba a nema, ko ya so ji ko bai so ba. Masu dalma sun dawo, kamar yadda ya ce za su dawo. Su zo. Ina da sikeli, kuma idon hagu na nan tukuna. Shi ya sa na cinye muku hantsin nan da surutu.

Kai mai jar hula, miƙo naka. A'a, kada ka goge shi da riga, ajiye shi a kan ƙyallen. Na ga zoben tsatsa a jikinsa. Kafin in sa gilashi, faɗa mini: ɗakin da ka ciro shi, akwai mai kwana a ciki?